Tukunyar kashe gobara mai kilo 6: ta yi aiki, amma da sauran magana

Kusan shekara biyu tukunyar nan tana rataye a bakin ƙofar kicin, har uwargida ta mayar da ita wurin rataya tsumman goge hannu. Na saye ta ne a wani hunturu, bayan hita da aka manta a bokiti ta cinye ɗakin maƙwabcinmu. Kafin nan, 'yar ƙaramar da muke jefawa a but ɗin mota saboda jami'an Road Safety kawai na sani, ita ma ba duba ta nake yi ba.

Mai shagon ya ajiye mini iri biyu. Ɗaya mai hoda, an rubuta mata ABC: A na katako da katifa da takarda, B na fetur da kalanzir, C na gas. Ɗayar kuma ta iskar CO2 ce, mai baƙin ƙaho, ba ta barin datti, amma ba ta da allurar awo, sai an ɗora ta a sikeli a san ko da saura a ciki. Na ɗauki mai hodar, domin gidanmu janareta da tukunyar gas ne abin tsoro.

Ranar da ta yi rana, dare ne na bazara, an ɗauke wuta, zafi kamar a tafasa mutum. Ƙanena ya je ƙara fetur, janaretan bai huce ba. Sai na ji "Yaya, wuta!" Ina fitowa na tarar uwargida ta ɗauko bokitin ruwa, na daka mata tsawa, domin fetur saman ruwa yake hawa, duk inda ruwan ya gangara wutar tana biye da shi. Na fizgo tukunyar, na tsinke zaren robar, na zare fil ɗin, na matsa. Don ruɗewa, harshen wutar na fara fesawa, hodar ta wuce ta sama a banza. Da na sauke tiyon zuwa gindin wutar ina kaɗa shi dama da hagu, sai ta mutu murus. Duka abin bai kai rabin minti ba, kuma tukunyar ta kusa ƙarewa. Na ɗauka abu mai wannan nauyi zai daɗe yana fesawa. Ashe ba haka ba ne.

To, ga abin da mai shagon bai faɗa mini ba. Hodar nan masifa ce. Ta rufe tsakar gida, ta shiga ido da maƙogwaro, muka yi ta tari, washegari muna shara har azahar. A cikin janaretan kuwa sai da makaniki ya kwance shi ya busa, ya ce hodar tana cin waya da ƙarfe in ta sha danshi. Da a falo ne kusa da talabijin, da na yi asara biyu.

Kuskurena na biyu: na mayar da ita bango, ganin da ɗan saura a ciki. Bayan mako biyu allurar ta bar kore ta kwanta a ja. Mai cikawa ya ce ko sau ɗaya ka matsa, hoda kan maƙale a bakin, iskar ta yi ta sulalewa, sai an sake cikawa. Ya kuma ce in riƙa kifa ta lokaci-lokaci ina girgizawa, kada hodar ta dunƙule.

Zan sake sayen irinta, ba ko shakka. Sai dai ba na ba ta amanar kaskon suya. Ƙarfin feshinta na iya watso man da ke ci, gara murfi ko bargon kashe wuta. Yanzu na sauko da ita daidai ƙirjin uwargida, na koya mata zare fil, tsumman kuma na buga masa ƙusarsa daban.