Layin jadawali ya ɓace bayan haɗe gidaje: Word ne ko Writer?

Wa alaikumus salam ustaz. Na ga tambayarka tun bayan La'asar, ina hanyar dawowa daga Jidda ne shi ya sa ban tanka ba. Ka ce ka yi jadawali a Word a risalarka ta majistir, wato kundin digirinka na biyu, ka haɗe gidaje uku na jadawalin (cells) na tsaye suka koma ɗaya don ka rubuta sunan babi, sai layin ƙasan gidan ya ɓace, da ka kai shagon khidmatud ɗalib, masu yi wa ɗalibai bugu, aka buga kuma sai wani layin ya fito a inda ba ka sa shi ba, wai wani ya ce maka ka bar Word ka koma LibreOffice Writer ka huta. To ni dai duka biyun ina aiki da su, kuma duka biyun sun taɓa sa ni ciwon kai, bari in faɗa maka yadda na gan su.

Kafin komai ka duba ko layin nan ma na gaske ne. Word yana da wani layi mai ɗigo-ɗigo da yake nunawa a sikirin kawai don ka gane iyakar gida, firinta ba ta buga shi, a Layout yake sunansa View Gridlines, in kuma Office ɗinka na Larabci ne irin na yawancinmu nan Saudiyya to shi ne ardu khuɗuɗish shabaka. Writer ma yana da irinsa siriri mai ruwan toka. Mutum sai ya yi ta kallonsa yana zaton ya sa layi, sai takarda ta fito wayam. Kashe shi tukuna ka ga abin da ya rage.

Asalin matsalar kuwa, gidan da ka haɗe a tsaye bai zama gida ɗaya ba a cikin fayil, idonka ne kawai yake ganin ɗaya. Tun Office 2007 da aka kawo docx, fayil ɗin zip ne aka canja masa suna, in ka kwafe shi ka mayar da ƙarshen sunan zip ka buɗe za ka tarar da document.xml a ciki, nan rubutunka da jadawalin suke a rubuce. Word idan ya haɗe a kwance, wato gidajen sahu ɗaya, da gaske yake rushe katangar, gida ɗaya ne ya rage an rubuta masa gridSpan cewa ya ci faɗin gida biyu ko uku. Amma a tsaye ba haka yake yi ba. Gidajen uku suna nan daram, na sama an sa masa alamar vMerge cewa daga nan aka fara, na biyu da na uku an ce musu ku bi na sama, kuma kowannensu yana riƙe da nasa bayanin layin, kamar gidan haya ne da aka fasa bango tsakanin ɗakuna uku amma kowane ɗaki da takardar hayarsa daban. To layin ƙasa a hannun ɗaki na uku yake, wanda ba ka ganinsa. In shi ba shi da layi tun kafin ka haɗe, ko jadawalin kwafo shi ka yi daga Excel ko daga wani fayil, sai ka ga ƙasan a buɗe kana ta dannawa abu ya ƙi.

Writer shi kuma nasa fayil ɗin odt ne, tsarin ya ɗan fi tsafta a nan gaskiya. Gidan sama shi ake rubuta wa cewa ya ci sahu uku, sauran biyun a sa musu sunan gidajen da aka rufe. Idan ka fara jadawalin a Writer ka gama a Writer ka ajiye a odt, da wuya ka ga layin ƙasa ya gudu. A shafin Borders ɗinsa ma akwai wani ɗan akwati Merge adjacent line styles, shi ke sa layin gida da na maƙwabcinsa su zama layi ɗaya maimakon biyu a manne, wani lokacin in ka ga layi ya yi kauri a gefe ɗaya to shi ne ba a kunna ba. Amma fa ustaz kai ba odt za ka miƙa ba. Mushrif ɗinka, malamin da ke duba risalar, da Word zai buɗe, mai shagon bugu da Word zai buɗe, kenan dole Writer ya fassara jadawalin zuwa docx in za ka ajiye, ya sake fassarawa in za ka buɗe, kuma a wajen fassarar nan ne kaya suke zubewa. Wanda ya ce maka ka koma can ka huta bai yi ƙarya ba in shi kaɗai yake karanta takardunsa, kai kuwa ƙarin aiki ne ya ɗora maka ana saura makonni ka miƙa.

Sai abin da ya fi damun mu mazauna nan, wanda ɗan uwanmu da ke rubutu da boko zalla a Kano ko Damagaram bai san da shi ba, wato dama da hagu. Rubutunmu na Larabci ne, jadawali daga dama yake tashi, gida na farko shi ne na hannun dama. Word yana da wajen wannan a Table Properties inda ake zaɓar Right-to-left, Writer ma yana da shi a Table Properties amma ba zai nuna maka ba sai ka kunna tallafin rubutu irin na Larabci a saitin harsuna. Abin da ake kira layin hagu a cikin fayil, a jadawalin da aka juya yana iya nufin farkon gida ne ba hagun ido ba, to manhajar da ba ta gane haka ba sai ta sa layin a ɗaya gefen. Ina kyautata zaton wannan ne layin da ka ce ya fito inda ba ka sa shi ba. A jadawalin da duk gidaje suke da layi huɗu ba za ka taɓa lura ba, sai wanda ka cire wani gefe ka bar wani. A wannan fannin Word na fi yarda da shi, ba don Writer bai iya ba, don kawai duk wanda zai taɓa fayil ɗinka daga nan har ranar munaƙasha, wato ranar kare risala, shi yake amfani da shi.

Ni abin ya taɓa cina lokacin aikin Hajji, na yi wa wasu alhazanmu jadawalin rabon ɗakuna, lambar hawa a gida ɗaya dogo na haɗe sahu shida, na gyara a laftof komai tsaf, da daddare wani abokin aikina ya buɗe a wayarsa ya ƙara suna biyu ya ajiye, da safe muka kai wani shago a Aziziyya aka buga kwafi da yawa ba mu duba ba, wallahi layin da ya raba hawa na huɗu da na biyar babu shi, dattijai suka yi ta hawa da sauka da jakunkuna suna neman ɗakinsu, har wata hajiya ta ce min ɗan nan ko lif ɗin kake so mu koya. Tun ranar ba na barin jadawali mai haɗaɗɗun gidaje ya shiga waya ko Google Docs in dai zai dawo Word. Docs yana da daɗi wajen aiki tare kuma yana da Unmerge kai tsaye wanda Word ba shi da shi, amma shi ma fassara yake yi shiga da fita.

Gyaran a Word ga yadda nake yi. Kar ka tsaya kana shafa Border Painter a kan gidan, wani lokacin yana kamawa wani lokacin a'a. Danna cikin gidan ka yi Split Cells, taƙsimul khalaya, ka mayar da shi sahu uku jeri ɗaya yadda yake da. Sai ka zaɓi jadawalin gaba ɗaya da ɗan gicciyen nan na kusurwa, ka sa No Border komai ya goge, ka dawo ka sa All Borders, yanzu kowane gida har ɓoyayyun da suka fito sun samu layi iri ɗaya. Sannan ka haɗe, haɗewa ita ce aikin ƙarshe ba na farko ba. Kuma ka yi hattara da Eraser ɗin nan mai kama da magogi, mutane suna zaton layi yake gogewa kawai, alhali haɗe gidajen yake yi. Fensirin Draw Table ma ban cika so ba, layin da ka ja da hannu ba ya faɗawa daidai kan na sama, sai ka ga tsaye ya ɗan karkace kamar ginin da ba a sa wa igiya ba. A Writer ma hanyar ɗaya ce, raba, goge, sa layi, haɗe.

Akwai kuma dabarar da na fi so yanzu, kar ka haɗe sam. Ka bar gidajen uku yadda suke, ka rubuta sunan babin a na tsakiya ko na sama, ka cire layin da ke tsakaninsu kawai. A takarda babu mai bambance shi da haɗaɗɗe, kuma ko a ina aka buɗe zai zauna, ga shi Word zai yarda ya jera maka sahu da Sort, abin da yake ƙi in akwai haɗaɗɗun gidaje. Illarta ɗaya, in sahun biyu ne ko huɗu rubutun ba zai zauna a tsakiya cif ba, ni ban ga wannan a matsayin abin damuwa ba.

In dogon gidan ya faɗo a ƙarshen shafi ya tsallaka na gaba, nan ma ƙasan yakan zama a buɗe. Cire alamar Allow row to break across pages ba ta isa, don ita sahu ɗaya take karewa. Zaɓi sahun da abin ya shafa ka sa musu Keep with next a Paragraph su tafi tare. Writer a nan ya fi sauƙi, a Text Flow akwai inda za ka hana jadawalin rabuwa gaba ɗaya.

Batun bugu kuwa kar ka ƙara kai docx shago. Kwamfutarsu ba taka ba ce, in babu irin rubutun da ka sa, misali Traditional Arabic mai girman 18, za ta musanya da wani, tsayin sahu ya canja shafuka su goce. Mayar da shi PDF a na'urarka ka kai musu a filashi. In ka buɗe PDF ɗin ka ga wasu layukan sun yi kauri wasu sun ɓace kar hankalinka ya tashi, layin da Word yake sawa da kansa rabin point ne, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, sikirin ne ya kasa nuna shi daidai. Ƙara girman shafin a sikirin zuwa 400% za ka gan su duka, ko ka shiga Page Display a Acrobat ka kashe Enhance thin lines. Ni dai nakan ɗaga layin zuwa point ɗaya in wuce wurin.

Ka zauna a Word ɗinka ka gama risalar nan, Writer kyauta ne ba inda za shi, ka sauke bayan munaƙasha ka koya a tsanake. Gwada raba gidan nan yanzu, in ya ƙi ka kwafe shafin jadawalin kaɗai a sabon fayil ka turo min ta gefe, bayan Isha in na dawo daga Harami zan duba insha Allah.