Kunshin darussan tuba da gafara na ƙananan yara: darasi na huɗu ne farkon matsalarsa

'Yan'uwa malaman makarantar Lahadi na Zuru da Dabai har zuwa Ribah, da yawanku kun ga kunshin nan da ya shigo bana, mai littafin malami ɗaya da katunan hoto cikin jakar leda, wanda aka ce an shirya shi domin yara 'yan shekara 5 zuwa 8. Kuɗinsa kun sani, inda ake samunsa ma kun sani. Mun yi aiki da shi wata uku a ajin ƙanana, kuma gaskiya da farko ya burge ni. Hausarsa mai sauƙi ce, jimloli gajeru, har yaran da Dakarci suke yi a gida suna bin labarin ba sai an tsaya ana fassara ba. Ya kuma fara da inda ya dace, wato Luka 15, uban da ya hango ɗansa tun daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi. Yaro ya fara sanin cewa akwai Uba mai jiransa kafin a yi masa maganar zunubi. Wannan tsari ya yi daidai.

Darasi na huɗu ne ya ɓata mini rai. Shi ne na kofin ruwa, wanda ake so a nuna wa yara 1 Yahaya 1:9 da idonsu: in mun furta zunubanmu, Allah mai aminci ne, zai gafarta mana ya kuma tsarkake mu. Abin da littafin ya ce kawai shi ne a ɗiga aidin, wato maganin wanke ciwo, a ruwa ya yi dauɗa, a zuba bilic na wanki ya washe. Babu awo ko ɗaya. Bai faɗi ɗigo nawa ba, bai faɗi yawan ruwan ba, bai kuma yi gargaɗin cewa bilic yana rasa ƙarfi in ya daɗe a buɗe ko ya sha zafin rana a shago ba, alhali irin wanda muke samu ke nan a lokacin bazara. Sakamakon shi ne aka zuba, ruwan ya rage duhu amma ya tsaya rawaya-rawaya kamar shayin da ba madara. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, ashe ba duka Yesu yake wankewa ba?” Tambayar ta yi daidai da abin da ta gani, kuma ita ce kishiyar abin da ayar take koyarwa. Yaro ɗan shekara shida idonsa yake gaskatawa kafin kunnensa, don haka gyara wannan ya ci sauran lokacin ajin gaba ɗaya.

Ban da haka, wa ya ce a kai bilic cikin kofi tsakiyar yara masu yawa haka? Kamarsa ɗaya da ruwan sha. Malami ya juya baya minti ɗaya, wani ƙaramin da ya biyo yayarsa ya ɗauka ya kurɓa. Ɗigo ɗaya kuma ya isa ya cinye launin atamfar Lahadi, sai a shiga rigima da iyaye a ranar da ake koyar da gafara.

Ga yadda abin yake tafiya lafiya, ba tare da bilic ba. A sami kofin gilashi mai haske, a zuba ruwan leda kamar kashi ɗaya cikin uku na leda guda, kada a yi da ruwan rijiya mai gurɓi domin ba za a ga bambanci ba. Tun daren Asabar a dama sitacin rogo da tafasasshen ruwa, tsararo sosai, irin na sa wa kaya amma ya fi shi ruwa, a bar shi ya huce sarai. Wannan hucewar dole ce, domin aidin ba ya rina sitaci mai zafi, ɗanyen sitaci kuma kwanciya yake yi a gindin kofi. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na sitacin a ruwan, sannan a ɗiga aidin na wanke ciwo, mai ruwan ƙasa, ɗigo biyar zuwa goma. Ruwan zai koma shuɗi mai duhu ƙwarai, wanda na bayan aji ma zai gani. Abin wankewar kuwa bitamin C ne, ƙwaya ɗaya mai miligram 100, a daka ta a narkar a cokali biyu na ruwa. Ana zubawa a juya, launin zai ɓace. Amma a lura da abu biyu a kemis. A ce farar ƙwaya ake so, domin mai ruwan lemo da yara suke tsotsa za ta bar launinta a kofin. A kuma duba kwalbar aidin ɗin da kyau, kada a ba ku maganin nan mai launin shunayya da ake shafa wa ƙuraje a ce duk ɗaya ne. Shi wannan mai shunayya, bitamin C ba ta wanke shi. A gwada a gida kafin Lahadi, a kuma zubar da ruwan da zarar an gama.

Da aka yi shi haka a aji, yara sun yi tsit, sannan suka ɓarke da tafi, har na ji kamar in yafe wa littafin. Sai dai akwai abin da ke biyo baya wanda marubutan ba su hango ba. Ƙwaya ɗaya ta fi ƙarfin ɗigo goma nesa ba kusa ba, saboda haka duk aidin da aka ƙara daga baya yana taɓa ruwan yake ɓacewa. Yara masu wayo nan take suke kamawa: to ai sai a yi ta yin laifi, tun da ba ya zama. Tambayar da Bulus ya amsa ke nan a Romawa 6:1-2, kuma malamin da bai shirya mata ba zai tsaya yana kame-kame. Littafin bai ce uffan a kai ba.

A nan ne na gane cewa rashin awo ƙaramin laifi ne a kan babban. Kunshin yana koyar da gafarar Allah da kyau, amma tuban da yake koyarwa na baki ne. Dubi darasin Zakka. Katin ya nuna shi a kan itace, ya nuna Yesu yana cin abinci a gidansa, shi ke nan aka rufe da waƙa. An tsallake Luka 19:8, inda Zakka ya ce zai ba gajiyayyu rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Wannan ita ce ayar da yaro ya fi iya kamawa a duk labarin. Wanda ya ɗauke fensirin ɗan'uwansa ya san inda fensirin yake. Wadda ta ɓoye canjin cefane ta san nawa ne. Matakan da yara suke riƙewa uku ne, a kan yatsu: faɗi ainihin abin da ka yi da bakinka, roƙi gafara wurin Allah da wurin wanda ka ɓata wa, sannan mayar ko gyara abin da zai gyaru. Kunshin ya tsaya a na biyu.

Haka ma wasan kwaikwayon da ya ba da shawara, a tsayar da yara biyu da suka yi faɗa a gaban aji, wannan ya ce yi haƙuri, wancan ya ce na yafe, su rungumi juna. Kada ku yi shi da faɗan gaske. Wanda ya yi laifin kunya ce take sa shi magana, wanda aka cuta kuma an tilasta masa ne alhali ransa bai huce ba, suna fita sai a ƙarasa a bayan majami'a. A yi wasan da labarin ƙirƙira, na gasken kuma a ja su gefe.

Darasin bawa marar yafewa na Matiyu 18 ya fi sauran ƙarfi, amma bashin talanti dubu goma da na dinari ɗari, kuɗin wancan zamani, ba su da ma'ana ga ɗan aji ɗaya. Mudun dawa a hannu guda da ƙwaya ɗaya a ɗayan hannun ya fi aiki a kan dogon bayanin da ke littafin. Sai dai a faɗa wa yara cewa dinari ɗari ma ba banza ba ne, ladan ɗan ƙwadago ne na fiye da wata uku. Yesu bai ce abin da aka yi maka ba shi da zafi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jimlar da aka sa yara su haddace a darasin ƙarshe, cewa wanda ya yafe ba ya sake tada maganar. A ajujuwanmu akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyuka saboda 'yan bindiga, akwai kuma wanda wani babba yake cutarwa a gida bai gaya wa kowa ba. In aka koya wa irin wannan yaro cewa yin magana rashin gafara ne, an rufe masa baki da sunan Yesu. Dole malami ya faɗa a fili, ya kuma maimaita: in wani yana cutar da kai, gaya wa mama ko malama ko fasto, wannan ba zunubi ba ne. Yusufu ma da ya yafe wa 'yan'uwansa, a Farawa 50:20 ya faɗa musu a fuska cewa mugunta suka nufe shi da ita. Mun cire jimlar, mun sa Afisawa 4:32 a madadinta.

Katunan kuwa takardarsu ba ta da kauri, damina ɗaya za su naɗe in ba a kai an like su da leda ba, kuma sun yi ƙanana ga ajin da ake yi a gindin darbejiya. Wanda yake da ƙwarewa zai iya saye don Hausar da darasin Luka 15, ya gyara sauran da biro. Amma kada dattawan ikilisiya su miƙa shi ga sabon malami ranar Asabar da yamma su ce gobe ya shiga aji da shi.