Sumo ko ƙaramin famfon batir: wanne ya dace da canjin ruwan kifi a gida?

Ɗan'uwanmu na wajen Auyo ya yi tambaya jiya. Yana da tampol mai cin lita 2,000 a tsakar gida, ya zuba tarwaɗa, yara kuma sun gaji da kwasar ruwa da bokiti. Famfo ɗaya yake so, wanda zai kwashe tsohon ruwa ya zuba sabo, amma ya rasa na ɗauka tsakanin sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin ruwa mai aiki da wutar lantarki, da ɗan ƙaramin nan na batir mai bolt 12. Wani kuma ya ce masa ya bar wahala ya ɗauko injinsa na fadama.

Malam, kwashewa daban, cikawa daban. Kwashewar ma ba lalle sai da famfo ba. Idan tampol ɗin na kan dandamali, ko da bulo biyu ne ya ɗaga shi, ruwa zai fita da kansa. Masu ɗinka tampol suna barin kafa a ƙasa inda ake jona bututu mai inci 2 da gwiwa ta waje. Ka tsayar da shi ruwa ya tsaya, ka kwantar da shi ruwa ya kama hanya, ya tafi da kashin kifi da ragowar abincin da ya kwanta. In babu kafar, tiyo ya isa: ka cika shi da ruwa, ka toshe bakin biyu da yatsa, ka nutsar da ɗaya cikin tankin, ka saki ɗayan a inda ya fi ƙasa. Kada ka zuƙa da baki, ruwan tarwaɗa ba abin kurɓa ba ne. Ka kuma bi da shi gindin zogale ko fangalin alayyafo maimakon lungu, taki ne, kuma ka huta da ƙorafin maƙwabta.

To saura cikawa, a nan kuɗinka zai yi aiki. In rabi za ka canza, rabin tankinka lita 1,000 ne, wato jarka 40 mai lita 25.

Sumo mai ƙarfin rabin doki tana cin wat 370 ko sama da haka kaɗan. Iri biyu za ka tarar a kasuwa, kuma mutane na yawan rikita su. Akwai ta ruwan datti, mai faffaɗan baki da ɗan ƙullutun da ke yawo a kan ruwa yana kashe ta idan ruwa ya yi ƙasa. Wannan tana kwaso ruwa da yawa, lita dubu cikin kamar minti goma, tana haɗiye ƙazanta ba ta toshe ba, amma turinta sama bai cika wuce mita bakwai ko takwas ba. Akwai kuma ta ruwa mai tsabta, wadda ke hawa mita goma sha wani abu, sai dai a wannan tsayin abin da za ta ba ka bai fi lita 1,500 a awa ba. Dukansu biyu wuta suke so. In garinku ba ta zama, sai janareta, kuma ka sani lokacin tashi mota tana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinta, ƙaramin janareta zai yi gurnani in akwai wasu kaya a kansa.

Na batir, irin wanda asalinsa na kwashe ruwa daga jirgin ruwa ne, bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Wanda aka rubuta wa 1100 GPH yana nufin kusan lita 4,000 a awa, yana jan amp uku zuwa huɗu. Ko awa guda ya yi yana aiki, batirin solar gida ko na mota ba zai ji a jikinsa ba. Ba fetur, ba ƙara, kuma bolt 12 ba ya kama mutum yadda 230 ke yi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gidan da yara ke yawo ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rauninsa ɗaya ne, amma babba: ba ya hawa. Mita uku zuwa huɗu ya ƙare.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne lambar jikin kwali. Wannan lita 4,000 ɗin an auna ta ne a kwance, famfo da bakin tiyo a layi ɗaya. Kana ɗaga tiyo ruwan na raguwa, har ka kai tsayin da aka rubuta a matsayin iyakarsa, inda ko ɗigo ba zai fito ba, alhali kana jin famfon yana juyawa. Kamar jaki ne da kaya, abin da zai ɗauka a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba shi zai hau tudu da shi ba. Tiyo mai tsawo ko siriri shi ma yana cin nasa kason. Don haka ka ɗauki igiyar guga ka auna daga fuskar ruwan rijiyarku zuwa leɓen tampol, kuma ka auna da lissafin bazara, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa. Ka nemi famfon da iyakarsa ta ninka abin da ka samu, ko kusa da haka.

Idan daga duro ko tankin ƙasa kake ɗiba, ko 'yan ga-ruwa ke juye maka a kwami, na batir ya ishe ka, kuma ni shi zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Idan kuwa rijiya ce mai zurfin mita shida ko fiye, ka manta da shi, sumo ta ruwa mai tsabta ce abokiyar tafiyarka. Ka ɗaure ta da igiya, kada ka rataye ta da wayarta, kada ta zauna a kan laka, kada kuma ka bari ta yi aiki a bushe, domin ruwan ne ke sanyaya ta. Ka zare soket kafin ka tsoma hannu.

Injin fadama kuwa, mai inci 2 yana zuƙar lita 500 zuwa 600 a minti. Kafin ka zagaya ka kashe shi tankin ya kusa ƙarewa, kifi na birgima. Idan cikawa ce, ƙarfin ruwan zai riƙa buga su da bango. Ka bar shi a gonar albasa.

Akwai wani ɗan famfon bolt 12, irin na cikin injin feshi mai caji. Lita huɗu ko biyar yake bayarwa a minti, sai ka kwashe fiye da awa uku kan lita dubu. Wanda ya taɓa maganin ciyawa ko na ƙwari kuma kada ya kusanci kifinka ko an wanke shi.

Ko wanne ka saya, in za ka tsoma shi cikin tankin kifi ka naɗe bakinsa da ƙyallen gidan sauro, musamman idan kifin ƙanana ne, farfela ba ta da tausayi. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da wadatacciyar iska, don haka ka ɗaga bakin tiyo ya riƙa zuba yana fantsama. Da hunturu ka jira rana ta ɗaga kafin ka canza, kuma rabi ko ƙasa da haka, kada sanyi ya buge su lokaci guda su ƙi cin abinci.

Ka turo mana zurfin rijiyar da tsawon tiyon da za ka ja, Malam, sai a faɗa maka girman da za ka tambaya in ka shiga Haɗeja ko Sabon Gari.