Lambun gida a ƙarshen damina: buhu ko ƙasa?

A watan Agusta, lokacin marka, ruwa kan kwanta a tsakar gida har saiwar tumatir ta ruɓe. Nan buhu ya fi. Ka huda gindinsa, ka cika shi da ƙasa da takin awaki, ka ɗora kan bulo, ruwa ya riƙa tsiyayewa. In kaji sun matsa masa, ka ja shi gefe.

Amma da ruwa ya ɗauke a Oktoba, buhu kan bushe da wuri, sai ban ruwa safe da yamma. Ƙasa kuwa tana riƙe laima, kuɓewa da yakuwa su yi ta bayarwa har cikin kaka. Ni dai tumatir da attarugu nake sawa a buhu, kuɓewa in bar ta a ƙasa.