Hattara da masu tallan "kayan gyaran jirgin soja" a Kaduna

Jama'a, musamman 'yan uwanmu 'yan gwangwan da 'yan kasuwar Panteka, don Allah ku karanta ku tura wa na kusa da ku. Akwai wasu da ke yawo a WhatsApp da Facebook suna cewa sun samu gwanjon kayan gyaran jirgin dakon sojoji samfurin C-130 Hercules, wai rundunar sojin sama ce za ta rabu da su da araha. Wani sa'in kuma su ce kwangilar kawo kayan suka samu, suna neman mai zuba jari a raba riba. Duk damfara ce.

Ga yadda suke yi. Za a turo maka hoton farfela ko taya ko wani ɓangaren inji, da takarda mai tambari da sa hannu. Sai wani ya kira ka yana "Alhaji, ranka ya daɗe", ya ce oga yana Abuja wajen taro, amma a tura kuɗin kafin alƙalami da na fitar da kaya daga geti kafin wani ya riga ka. Asusun da za su ba ka na mutum ɗaya ne, ba na gwamnati ba. Ranar ɗaukar kaya kuwa waya a kashe. Haka suka yi wa wani maƙwabcina mai iyali, jarin da ya daɗe yana tarawa ya tafi, har yau abin yana ci mini rai.

Ku san wane irin jirgi ake magana a kai. Kamfanin Lockheed na Amurka ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1954, Nijeriya kuma ta fara mallakarsa tun shekarun 1970. Injina huɗu gare shi, ƙirar Allison T56. Kowane muhimmin ɓangare nasa yana da lambarsa da takardar tarihinsa: inda aka ƙera shi, awa nawa ya yi yana aiki, wa ya duba shi. Ƙarfen da ba shi da wannan takarda babu injiniyan da zai ɗaura shi a jirgi. Sannan Amurka ba ta barin kayan soja su fita sai da izininta, a nan gida ma shigo da su sai da takardar shaida daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. To ta ina ɗan kasuwa zai shiga da tiransifa ta waya?

Mu mutanen Kaduna ba mu manta da Satumban 1992 ba, lokacin da irin wannan jirgi ya faɗi a Ejigbo ta Legas jim kaɗan da tashinsa, mutum fiye da 150 suka rasu, galibinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji. Allah ya jiƙansu. Shi ya sa nake jin zafin ganin an mayar da sunan jirgin abin yaudara.

Ko da kayan na gaske ne, in ba ta hanyar hukuma suka fito ba na sata ne, kuma wanda aka kama da su a shagonsa shi zai yi bayani. Wanda ya riga ya tura kuɗi kada kunya ta hana shi magana. Ya kira bankinsa nan take, ya adana rasit da saƙonni da lambobin wayar, ya kai ƙara ofishin EFCC na Kaduna ko wajen 'yan sanda.