Sharhi: An yi mini hoton mama a Kaduna, ga yadda na sami aikin

Tun da ƙawayena suka ji an yi mini hoton mama, wanda likitoci ke kira mamogiram, tambayoyinsu ba su wuce uku: da zafi? Namiji ne ke ɗauka? Nawa ake biya? Na ga gara in rubuta amsar a wuri ɗaya, duk mai bukata ta karanta a tsanake.

Lafiyata lau na je. Ban ji ƙullutu ba, babu ciwo, babu ruwa mai fita. Na dai haura shekara 40, kuma wata likita ta gaya mini cewa daga nan ne ya kamata mace ta fara tunanin wannan gwaji na gano sankarar mama. A Amurka ma, a 2024 kwamitin ƙwararrunsu ya mayar da shekarar farawa 40, a riƙa yi duk shekara biyu har zuwa 74. Mu kuwa a nan, sankarar mama ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mata. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna an sami mata sama da 32,000 da suka kamu a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 kuma suka rasu. Wato duk mata biyu da aka gano, ana rasa kusan ɗaya. Babban dalili shi ne ba ma isa asibiti sai abu ya yi nisa.

A wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta na yi, a cikin gari. Da na buga waya, abin da na fara tambaya shi ne wa zai ɗauka. Aka ce mace ce, amma ba kullum take zuwa ba, don haka aka ba ni ranar da take aiki. Wadda ta amsa wayar ta yi mini bayani mai amfani: in zo bayan na yi wankan al'ada da kamar mako guda, lokacin mama ba ya tsami sosai, kada in shafa mai, ko hoda, ko turaren hammata, har da alimun, domin ɓurɓushinsu na iya fitowa a hoton kamar fararen ɗigo-ɗigo, ya rikita mai dubawa. Ta kuma ce in sa riga da zani maimakon doguwar riga, don rigar sama kawai za a cire. A wannan ɓangare ba ni da abin cewa sai yabo.

Ɗakin ƙarami ne, da sanyin na'ura, ƙofar kuma tana kulluwa ta ciki. Ma'aikaciyar yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta biyu ba. Kafin ta taɓa ni sai da ta murza tafin hannunta ya yi ɗumi, ta ce, "Hajiya, zan matse, za ki ji nauyi. In ya fi ƙarfinki ki yi magana in sassauta." A tsaye ake yi. Ta ɗora mamana a kan faranti, wani faifan roba mai garai-garai ya sauko a hankali ya danne shi har ya baje. Ta ce in riƙe numfashi, ta koma bayan gilashi, na'urar ta yi ɗan ƙara, faifan ya ɗaga da kansa. Hoto biyu ake ɗauka a kowane ɓangare, ɗaya daga sama, ɗaya a karkace don a haɗa da wajen hammata. Na karkacen ne ya fi damuna, saboda gefen farantin yana tokarar hammata, kuma sai an miƙa hannu an riƙe wani mariƙi a gaba.

Da zafi? Akwai, ba zan ɓoye ba. Amma na ƴan daƙiƙu ne, duk macen da ta taɓa shayarwa nono ya cika mata ya yi tauri ta san wanda ya fi shi. Na tambaye ta me ya sa sai an matse haka, ta ce idan naman ya baje hoton ya fi fita sarai, kuma hasken X-ray da na'urar za ta harba ya fi raguwa. Na ji daɗin wannan amsa, domin a unguwarmu akwai masu cewa hoton ne ma ke tayar da dajin. Hasken da ake amfani da shi kaɗan ne ƙwarai, bai wuce wanda jikin mutum ke sha daga ƙasa da iska a cikin kamar mako bakwai yana zaune a gidansa ba. Matsewar kuma ba ta haifar da sankara.

Abin da ya tsaya mini a rai a ɗakin jira na gan shi. Da muka ɗan yi hira, na lura kusan duk matan da ke wurin takardar likita ce ta kawo su, sun riga sun ji wani abu a jikinsu. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni tana ta gyara hijabinta a ɓangaren hagu, ta ce tun kafin azumin bara ta ji ƙullutun, ta yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, don ta ji an ce da zarar ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Da ta ji ni babu abin da ke damuna, ta dube ni ta ce, "To Hajiya, me kika zo nema?" Ba da gatse ta faɗa ba, da gaske take. Haka mafi yawanmu muka ɗauki asibiti, wurin da ake zuwa in an kwanta. Alhali amfanin wannan na'ura shi ne tana iya ganin abin da hannu bai kai ga ji ba tukuna, lokacin da magani ya fi ci, sau da yawa ma ba sai an cire maman gaba ɗaya ba.

Inda cibiyar ta gaza shi ne wajen ba da sakamako. Ambulan aka miƙo mini ta taga, da faifan hoton da takarda guda cike da Turancin likitoci, a ƙasa an rubuta BI-RADS 2. Na tambayi mai miƙowa, ya ce shi ba likita ba ne, in kai wa wanda ya turo ni. To ni ba wanda ya turo ni. Haka na shiga Keke Napep gabana na faɗuwa, sai da na kai wa likitar nan ta yi mini bayani. BI-RADS ma'aunin sakamakon hoton ne, lambobinsa daga 0 suke zuwa 6. Idan 1 ne ko 2, babu alamar sankara. 0 na nufin hoton bai wadatar ba, a ƙara wani ko a yi sikanin. 3 galibi ba komai ba ne, amma a dawo bayan wata shida. 4 da 5 sai an ɗebi ɗan nama an gwada. Wannan bayani bai ci minti biyu ba. Me zai hana a ajiye ma'aikaciyar jinya guda ta yi shi da Hausa? Ina tuna matar can mai gyara hijabi. Idan aka miƙa mata 5 ta taga, ta kai gida ta cusa a ƙarƙashin katifa, wa zai neme ta? Shirin yaƙi da sankarar mama da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa burin a kammala binciken mace cikin kwana 60 daga zuwanta na farko. Da irin wannan taga ba za a cimma hakan ba.

Kuɗin kuma ba kaɗan ba ne ga mai sana'ar cikin gida, kuma farashi yana bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka a tambaya kafin a tafi. A watan Oktoba, watan wayar da kai kan sankarar mama, wasu wurare kan yi rangwame. Na fahimci mai cewa tana tsoron a gano abin da ba ta da kuɗin magancewa. Amma akwai sashen masu sankara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, nan kusa da mu, kuma yana cikin asibitocin da asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama ke aiki. Maza kuma, don Allah, in iyalinku sun nemi izinin zuwa, ku ba su, ku haɗa da kuɗin mota.

Wadda ba ta kai 40 ba, yawanci sikanin ake fara yi mata, saboda naman mamanta yana da kauri, hoton ba ya nuna komai sosai. Wadda kuma ta ji ƙullutu, ko ta ga kan nono ya lotsa ciki, ko jini na fita, ko fata ta canza, kada ta jira Oktoba ko wata shekara, ta ga likita a makon. Zan koma cibiyar idan lokaci ya yi, da tsohon faifan a jakata don a kwatanta da sabon, amma kafin in biya sai an nuna mini wanda zai zauna ya karanta mini takardar.