Kilinik ko gida? Ni duka biyun na gwada da Baba

Malam, sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗun Inna. Kan maganar a bar ta a kilinik ana biyan ɗaki wata-wata ko a maido ta gida a ɗauki mai kula da ita, tunda lokotoro ya riga ya ce ta fita hatsari: ka maido ta gida. Duka biyun na yi da mahaifinmu lokacin da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma ɗaya daga ciki har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kilinik ɗin ba zan kama sunanta ba. Ɗaki mai kilim, ga talabijin a bango, ko'ina fes. Mu ƴaƴansa muna ganin mun fita kunya, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce Allah ya yi muku albarka. Kwana 19 Baba ya yi a ciki. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, a garin nan gado kake haya, hannun da zai yi aikin daga gidanku zai fito. Wanka, canza pampas, ba da abinci, juya majinyaci, duk na mai jinya ne, wanda ke kwana kan tabarma a gefen gado. Ma'aikaci allura zai yi, ya ɗaura ƙarin ruwa, ya auna tansiyo ya rubuta, ya ja ƙofa. Mu kuwa mun sakankance kuɗin ɗaki ya haɗa da komai, sai muka bar autanmu a wurin, yaro ɗan lise, wanda wayarsa ta fi Baba samun kulawa. Ranar da na ce a mirgina min shi in shafa masa mai, sai ga gyambo a gindin baya, faɗin bakin kofin shayi. Babu wanda ya gaya mana. Da na yi magana aka ce ai jikin tsofaffi haka yake. Ba haka yake ba, rashin juyawa ne. Mutum in ya kwana ya wuni a gefe ɗaya, ƙashi yana danne nama, jini ba ya zagawa, wurin sai ya mutu tun daga ciki kafin fata ta buɗe.

Abin da zan yaba musu guda ne: in kuran ya ɗauke gurup yana tashi, kuma in numfashi ya sarƙe cikin dare akwai iskar oksijan kusa. Shi ke nan.

Da muka koma gidanmu na Birni, wani maƙwabci ya haɗa mu da wani dattijon infirmiye da ya yi ritaya. A ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta nan Zinder, ya yi karatu, kuma ya daɗe yana riƙe da CSI, wato ƙaramin asibiti, a ƙauye, shi ya sa kowa Manjo yake ce masa, yadda ake kiran shugaban irin wannan asibitin. Ranar farko ko jakarsa bai buɗe ba. Buta da sabulu ya nema, ya wanke hannu, ya ɗaga zanen Baba ya duba diddige, kwankwaso, kafaɗu, bayan kunne, sannan ya tambaya matashi nawa ne a gidan. Muka tattaro biyar. Ɗaya ya sa tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai rataya bai taɓa katifa ba, ɗaya kuma ya ɗora hannun da ya shanye a kai. Daga nan ya yago bayan kwalin sukari ya zana agogo, kowane awa biyu da sunan wanda zai juya Baba, dama, baya, hagu, har da na ƙarfe biyun dare. Ni aka ba na daren, don wai ni ce mai surutu.

Shi ya koya min cewa a baƙar fata kada in tsaya jiran ganin ja. Wurin zai fi kewayensa duhu, in ka ɗora bayan hannu za ka ji ɗumi, wani lokaci da tauri kamar ƙullutu. In ka ga haka, gyambo ya riga ya yi sallama, a ɗauke nauyi daga wurin nan take, kuma kada a murza. Shi kuma ya hana mu ɗura wa Baba ruwa yana kwance. Mai shanyewar jiki haɗiya tana ba shi wuya, ruwa tsararo ya fi saurin bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, daga nan sai tari da zazzaɓi. Sai a zaunar da shi sosai, kunu ko fura a dama da kauri, cokali-cokali, a duba kumatun da ya shanye ko abinci ya maƙale, a bar shi zaune kamar rabin awa kafin a kwantar. A kwana 19 na kilinik babu wanda ya faɗa mana ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Gyambon ya ɗauki wajen wata uku kafin ya rufe. Manjo yana zuwa safe da yamma a kan tsohon babur ɗinsa, ya wanke, ya ɗaure, ya rubuta tansiyo a karne. In ya ga ta haura 14/9 kwana biyu a jere ba ya taɓa magani da kansa, sai ya ce a kai wa lokotoro karnen. Mai kine kuma, wato mai motsa wa majinyaci gaɓoɓi, sau uku a sati. Amma abin da na fi gani da idona shi ne la'asar. Mukan ɗauko Baba a kujera mu ajiye shi a zaure, abokansa na masallaci su zo su zauna, a kawo shayi, su yi ta gardamar farashin hatsi kamar yana ciki. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya faɗi kuɗin tiya ba daidai ba, sai muka ji Baba ya ce «ƙarya ne». Kalmarsa ta farko ke nan da ta fito sarai tun da ya faɗi. Zauren ya kwashe da dariya, ni kuwa na shige ciki na yi kuka.

Kada ka ɗauka gida sauƙi ne. Kai ma ka san Damagaram da ruwa: in bazara ta kama famfo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, ga mai kwance wankinsa ba ya ƙarewa, zannuwa da ledar shimfiɗa kullum. Mu bido shida muke saye a hannun ɗan garuwa don Baba kaɗai. Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishi kamar yaro, sai an bi shi da ruwa. In fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, to bai sha isasshe ba. Sannan kai kana Yamai, kusan kilomita 900, turo kuɗi kawai za ka iya. To ka zauna da ƴan'uwanka tun yanzu a raba dare da rana, kada a jibge wa ƙanwa ɗaya ko matar wa komai, wata biyu ita ma ta kwanta. Ta fuskar kuɗi, magani kyauta da aka fara a 2006 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne da mata masu ciki, tsoho komai biya yake. Mu dai abin da muka zuba a ɗakin nan na kwana 19 ya riƙe mana Manjo da mai kine fiye da wata biyu.

In har ƴan'uwa sun rinjaye ka an tsaya kan kilinik, kada ka je dubawa da hantsi lokacin da aka goge ko'ina. Ka tura wani ƙarfe ɗayan dare ba sanarwa, ya ga mutum nawa ke kwanan aiki, a farke suke ko a kwance. Ya shaƙi warin ɗaki. Ya duba diddigen Inna da farcenta da cikin bakinta. In da robar fitsari, jakar tana rataye ƙasa da mara ko an ɗora ta kan gado. Ka kuma tambaye su ƙarara wa zai juya ta, sau nawa a dare. In suka fara kallon juna ka samu amsa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara, don da zarar an ji akwai mai shanyewar jiki a gida za su fara sallama. Akwai masu farar riga da ba su taɓa zama a aji ba, shara ko riƙe tire suka yi a wata kilinik suka koyi soka allura. Ka nemi takardar shaidar karatun aikin jinya, IDE ko ASB, ka tambayi inda ta yi aiki, ka sa a bincika. Alamarsu ɗaya ce: kullum ƙarin ruwa mai launin ɗorawa wai bitamin, kuma maganin daga jakarsu yake fitowa da farashinsu. Ƙarin ruwa ba dalili ga mai hawan jini ko ciwon zuciya illa yake yi. Duk abin da ke kan ordinans a saye shi a farmasi, ban da na tire da baro da ke shan rana a bakin tasha. Sai masu lasifika da ke alkawarin mutum zai miƙe cikin kwana bakwai, da sharaɗin a ajiye maganin asibiti. Ajiye maganin tansiyo shi ke kawo faɗuwa ta biyu, wadda sau da yawa ta fi ta farko muni. Ni katifar iska ta hannu aka sayar min, wai daga Turai, ashe a huje take, kafin asuba Baba yana kan katako. In za ka saya, a hura ta a bar ta kwana da nauyi a kai kafin ka biya, kuma ka tuna injinta da kuran yake aiki. Ko da ita ma sai an juya.

Asibiti yana nan don ranarsa. In baki ya sake karkacewa, ko magana ta ƙara sarƙewa, ko zazzaɓi da tari, ko gyambo ya fara wari, ko ta wuni ba fitsari, kada a jira mai kula ta zo, a nufi babban asibitin Zinder kai tsaye.

Ga Inna mace za ka nema, don wanka da tsarki za ta fi sakewa da ita. Ku yi da ita gwajin sati ɗaya, kuma ranar farko ƙanwarka ta tsaya a kanta. In ta zaro allura kafin ta wanke hannu ta ɗaga zane, a ba ta kuɗin kabu-kabu ta koma.